TAMBAYI BAKANIKE: Kusoshin tayar tsohuwar motata na ta karyewa

TAMBAYA: Assalamu alaikum Oga, barka da aiki. Dan Allah shawara nake nema. Akwai wata tsohuwar Dodge Dart ƙirar 1966 da mahaifinmu ya bari, Allah ya jiƙansa, tafi shekara goma a ajiye lulluɓe da tamfol, shine nace bari in tashe ta. Na fara da tayoyi, ɓangaren dama duk notikan suka kwance lafiya lau, amma da nazo tayar gaba ta hagu noti yace bai san zance ba, na zuba mai na barshi ya kwana, washegari na zura bututu a wil sifana na hau kai da ƙafa, sai ji nayi ƙas, kusa ta karye. Nace ƙila tsatsa ce ta cinye ta, na koma kan ta biyu itama ta bi 'yar uwarta. Yanzu saura uku kuma wallahi tsoron taɓa su nake. Wani abokina yace in samu babbar guduma in buge guntayen su faɗa ciki, in sa sababbi a ɗan ɗiga musu walda ta baya shikenan. Haka ake yi? Daga ƙaninka, mai tsohuwar Dodge.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya jiƙan Baba. Kafin komai ka ajiye bututun nan, ita kuma gudumar abokinka kace ya riƙe abarsa tukuna.

Ba tsatsa bace ta karya maka kusoshi, kai ka karya su da ƙafarka, amma ba laifinka bane dan ba kai ka fara ba. Ka ɗauko buroshin waya ka goge kan ɗaya daga cikin ukun da suka rage, daidai bakin da ya leƙo daga cikin noti, ka haska da tocila, in Allah ya yarda zakaga harafin L an buga shi a wurin. Motocin kamfanin Chrysler na wancan zamanin, wato Dodge da Plymouth da ita Chrysler ɗin kanta, har zuwa wajen 1970 kusoshin tayoyinsu na hagu zaren bahago ne, gaba da baya. Ma'ana duk lokacin da kake ganin kwancewa kake, ɗaurewa kake yi, ka ƙara da bututu ka ƙara da nauyin jikinka a kan kusar da kaurinta 7/16 na inci ne kawai, ai dole ta ce ga garinku. Injiniyoyin lokacin tunaninsu shine juyawar taya a ɓangaren hagu na iya sassauta noti mai zaren dama, daga baya aka ga noti mai bakin tsini da ke zama cikin ramin wili in dai an ɗaure shi yadda ya kamata baya zuwa ko'ina, sai aka watsar da abin. Toh su ukun nan ka juya su ta inda hannun agogo ke tafiya, kamar mai ɗaurewa, zakasha mamakin yadda zasu biyo ka salin alin. Tayar baya ta hagu ma haka.

Yanzu maganar cire guntayen. Nan ne nake so ka nutsu dan nan ne mutane ke ɓata abinda kuɗi baya saya cikin sauƙi. Kusa abu ne da ake samu, har yanzu ana ƙera ta, amma hob, wato cibiyar ƙarfen da taya ke ɗaure a jikinta, na motar da ta kai wajen shekara sittin in ka lalata shi sai ka yi yawon nema. Ita kusar taya ba ɗaure ta akayi da zare a jikin hob ba, cusa ta akayi da ƙarfi ta baya, tana da kai kamar na ƙusa, a ƙarƙashin kan akwai wuya mai zane-zane kamar haƙora, su waɗannan haƙoran ne ke cizon bangon ramin su hana ta juyawa lokacin da kake ɗaure noti. A motocin yanzu in ka tura ta baya zata fita, magana ta ƙare. Amma a tayoyin gaba na irin taka, da wasu tsofaffin Ford da Jeep da Studebaker masu birkin diram, wato ƙarfen nan mai kama da kwano da lainin birki ke gogar cikinsa, bayan an cusa kusar ta ratsa hob ta ratsa diram, sai su matse kafaɗarta ta waje da inji har ƙarfen ya baje ya yi leɓe a kan diram, ya haɗe diram da hob suka zama abu ɗaya. Ka sa farce a gindin kusar daidai inda ta fito daga diram zaka ji wani ɗan tudu zagaye da ita, shine leɓen da nake faɗa. Wannan leɓen yafi ramin faɗi. In ka sa guduma ko ma fires, wato injin matse ƙarfe mai aiki da jak, ka tura kusar baya baka cire shi ba, zai bi ta cikin ramin yana yashe shi, ya buɗa shi, wani lokacin ya lanƙwasa fuskar diram ko ya tsaga hob ɗin gaba ɗaya.

Ni kaina da ina yaron shago nayi wannan aika-aikar, na ɗora hob a fires ina ta bugun jak ina jin daɗi wai ƙarfi ya zo, kusa ta fita da wata ƙara kamar an harba bindiga, da muka zo sa sabuwa sai ta faɗa ramin da kanta tana rawa a ciki kamar cokali a kofi. Maigidana bai ce min uffan ba, ya ɗauki hob ɗin ya zura ɗan yatsa a ramin ya juya, ya miƙo min ya tafi, wallahi da ya zage ni da yafi min sauƙi.

Ga yadda zakayi. Mota a kan ƙasa mai tauri, a sa mata waigi a tayoyin baya, ka ɗaga da jak ka ɗora ta a kan sitan na ƙarfe, kar ka yarda da jak kaɗai balle a motar da tayi shekara goma a tsaye baka san inda tsatsa ta ci a ƙasanta ba. Ka cire taya, ka ɓalle 'yar hular da ke tsakiya, ka zare fin, ka kwance babban notin, wosha da boris na waje zasu fito a hannunka, sai ka jawo diram da hob tare. In ya ƙi fitowa yawanci lainin birki ne ya maƙale a gefen da diram ya ci ya yi gaɓa, sai ka sassauta abin saita birkin ta ramin da ke bayan faranti. Ƙurar da zaka tarar a ciki kar ka hura ta da baki ko da iska, lainin da akeyi a da akwai asbestos a ciki kuma yana illa ga huhu, ka jiƙa tsumma ka goge. Kafin ka raba diram da hob ka yi musu alama da fenti ko fanci dan su koma yadda suke.

Leɓen nan hanya biyu ake bi da shi. Akwai abin yanka na musamman, kamar ɗan bututu ne mai haƙora a baki, ana sa shi a diril ya zura kan kusar ya yanke leɓen kawai, a hankali ake yi da ɗan mai, da zarar tudun ya tafi ka tsaya kar ka shiga cin diram. In babu shi, ni hanyar da nafi so musamman ga kusar da ta riga ta karye itace ka juya hob ɗin ta baya, ka buga fanci a tsakiyar kan kusar, ka huda da ƙaramin diril sannan babba har kan ya rabu, ko ka cinye kan da garanda in hannunka na da saiti, sai ka tura gunton ta gaba, wato ta waje, kaga leɓen bai bi ta ramin ba kenan sam. Kuma duk turin da zakayi ka tallafi hob ɗin da soket ko guntun bututu mai kauri daidai kewayen ramin, yadda nauyin zai sauka a nan, kar ka bar shi ya sauka a kan diram, diram ba'a yi shi dan ɗaukar wannan ba.

Tunda ka riga ka buɗe, duka biyar ɗin zaka canja. Ukun da suka rage ma Allah kaɗai ya san mutum nawa suka hau kansu da ƙafa a shekarun baya, kusar da aka ja ta wuce ƙima tana miƙewa, zaka ga zaren wajen gindi ya ɗan sirance, kuma in ta miƙe bata komawa.

Sai sayen sababbi, kuma dan Allah kar ka aika yaro da baki kawai wai kusar Dodge. Ka ɗauki ɗaya da ta fita lafiya ka auna da kalifa, wato ma'aunin kaurin ƙarfe: kaurin zare da yawansa, naka 7/16 ne mai zare 20 a inci, sai kaurin wuyan nan mai haƙora, sai tsawon kafaɗa, sai tsawonta duka. Kaurin wuyan shine uwa uba. Ana so ya ɗara ramin da ɗan kaɗan, wajen 0.005 na inci, abinda bai kai kashi biyu cikin goma na milimita ba, in yayi ƙasa da haka zata juya, in yayi yawa sosai zaka tsaga hob wurin cusawa. Tsawon kafaɗa kuma mutane na mantawa da shi, in kafaɗar da babu zare ta leƙo ta wuce fuskar diram da yawa noti zai je ya tokare a kanta, kai kana jin ya ɗauru tamau ashe wilin bai matsu ba, kana tafiya kana jin ƙwas ƙwas baka san daga ina ba.

Zaka tambaye ni na bahago zaka mayar ko na dama. In motar ta nuni ce da ake so komai ya zama yadda ta fito daga kamfani, toh nemi na bahago da notikansu, ana samu. In kuwa hawa zakayi, ni a ganina ka mayar da su na dama, gaba da baya lokaci ɗaya, dan wata rana taya zata yi faci a hanya wani ya zo taimako da bindigar iska ya maimaita abinda kayi. Abinda bana so shine rabi da rabi, gaba dama baya bahago, wannan tarko ne ka ɗana wa kanka.

Wurin sawa fires yafi komai. Ka wanke ramin, ka zura kusar ta baya ka ɗan jujjuya ta da yatsa har ka ji haƙoranta sun faɗa cikin tsohon sawu, ka tabbata tana tsaye cak bata karkace ba, soket a ƙasa, sai ka danna har kan ya zauna. Wasu na sa sababbin kusoshi a firiza su kwana dan su ɗan tsuke, yana ɗan taimakawa, ba wani abin a zo a gani bane amma baya cutarwa. In babu fires ana jawo ta da noti: ka jera wosha masu kauri uku ko huɗu a kan kusar ta waje, ka shafa giris tsakanin woshan, ka samu noti buɗaɗɗe wanda ba zaka ƙara amfani da shi ba ka juya shi ta shafaffen gefen, ka dinga ɗaurewa da hannu a hankali kana leƙa baya kana ganin kan yana matsowa. Da hannu nace, banda bindigar iska, dan ita bata san ta tsaya ba, zata miƙar maka da sabuwar kusa tun bata ga titi ba. Da kan ya taɓa hob zaka ji sifana tayi nauyi farat ɗaya, toh tsaya nan. Ka gwada zura takarda tsakanin kan da hob ta kowane gefe, in ta shiga da saura. Bayan nan ka wanke giris ɗin da ya taɓa zaren tas.

Ba sai an sake yi musu leɓe ba, notikan taya sun isa su riƙe diram. Sai dai ka goge fuskar hob da cikin diram kar ka bar ko ɓarɓashin tsatsa a tsakani, ka haɗa bisa alamar da kayi, ka ɗaure da noti uku ka juya ka gani ko yana rawa. In yana rawa a kai wa mai dabaran juya ƙarfe ya share diram ɗin yana haɗe da hob, in ba haka ba duk taka birki feda zata dinga harbin ƙafarka. Boris kuma tunda gasu a hannunka ka wanke ka duba ka cika da sabon giris, sil sabo, fin sabo.

Walda kuwa a'a. Kusar taya ƙarfe ne da aka gasa aka daidaita taurinsa, zafin walda na kashe wannan taurin daidai wurin kai inda duk nauyin yake, kuma diram da yawancin tsofaffin hob ƙarfen zubi ne da baya son walda. In kaga ana ɗiga wa kusa walda toh rami ne ya buɗe ake rufa asiri. Maganin ramin da ya buɗe shine kusa mai wuyan da ya ɗan fi kauri a gyara ramin daidai da ita, ko a canja hob.

Na baya sunfi sauƙi, diram zarewa yake da kansa, kusoshin na jikin farantin shaf ne babu leɓe. Nan ne mutane ke sa guduma kuma tana fita ɗin, amma duk bugu ɗaya yana sauka a kan boris ɗin shaf, bayan wata biyu ka fara jin kuka a baya kana zargin difiransha. Abin matse bol joyin ɗin nan mai kama da bakin kaguwa yana fitar da su tsaf ba tare da bugu ba. In sabuwar ta ƙi samun hanyar shiga saboda farantin birki, ka juya shaf ɗin kana neman inda akwai sarari, in babu ka sauke lainin, in har yanzu babu ka kwance notikan da ke riƙe shaf ta ramin da ke jikin farantinsa ka ɗan jawo shi waje.

Ɗaurin ƙarshe da sifana mai awo, zare a bushe babu mai, kana tsallake ɗaya kana ɗaure na gaba kamar zanen tauraro. Irin taka mai 7/16 littafin kamfani wajen 55 lb-ft ya bata a awon ƙarfin ɗauri da ke jikin sifanar, kusan 75 Nm kenan a ɗaya awon, kaga ba wani ƙarfin hawa da ƙafa bane. Kayi tafiyar kilomita 80 haka ka dawo ka sake bi ta kansu, sabuwar kusa takan ɗan ƙara zama.

TAMBAYA: Malam ni Volkswagen Beetle gareni, na cire taya banga kusa ko ɗaya ba, ramuka ne kawai a jikin diram, kuma mayar da tayar na bani wahala sai na tallafe ta da ƙafa ina laluben rami. Ana iya sa mata kusoshi irin na sauran motoci? Daga wata mai karatu.

AMSA: Hajiya motarki lafiyarta ƙalau, haka Jamusawa suke, bol suke sawa yana shiga cikin diram, tsofaffin Mercedes ma haka. Beetle ta farko mai rami biyar masu faɗin da'ira 205 mm bol ɗinta M12 ne, wato kaurin milimita 12, daga wajen 1968 suka koma rami huɗu a 130 mm da bol M14, duka zaren 1.5, wato milimita 1.5 tsakanin zare da zare. Ana sayar da kusoshi masu zare ta kai biyu da ake ɗaurawa a ramin da ruwan maƙale zare, suna aiki. Abu biyu dai: kar gindin ya zarce ciki ya taɓa kayan birki, sannan notin ya zama mai ƙasa zagaye kamar ƙwallo irin na bol ɗin asali, in kika sa mai tsini a wilin da aka yi dan zagaye a layi ɗaya siriri kawai zai taɓa ya dinga kwancewa. Ni da nawa ne ma ba zan canja ba, dogon bol guda zan samu in yanke kansa, in zan sa taya in ɗaura shi da hannu in rataya wilin a kai, in sa sauran, in cire shi.

TAMBAYA: Oga na sa wa tsohuwar Mini ɗina wili na alminiyam, sunyi kyau sosai amma noti juyi huɗu kawai yake yi ya ɗaure. Zan iya hawa haka?

AMSA: Kar ka hau. Ƙa'idar itace noti ya kama zare aƙalla daidai kaurin kusar. Ta Mini 3/8 na inci ce mai zare 24 a inci, kaga juyi tara kenan cif, kai kana da huɗu. Wilin alminiyam yafi na ƙarfe kauri shi ya cinye tsawon. Dogayen kusoshi zaka sa, masu wuya iri ɗaya da na asali, kuma in notinka mai rufaffen kai ne ka duba kar doguwar ta tokare a cikinsa kafin wili ya matsu. Sannan ka tabbata wilin na Mini ne da gaske, da'irar ramukanta inci 4 ce wato 101.6 mm, akwai masu cusa wilin 100 mm suce ai ya shiga, eh ya shiga amma kowace kusa a lanƙwashe take aiki. Su kuma siraran nan basa son ƙarfi, wajen 60 Nm ya ishe su.

TAMBAYA: Baba notin tsohuwar Datsun ɗina ya ɓata na ari na Toyota, ya fara shiga sai ya cije a juyi na biyu, in matsa?

AMSA: Kar ka matsa ɗana. Duka M12 ne shi yasa ya yaudare ka, amma zaren Datsun da Nissan 1.25 ne, na Toyota 1.5. Ka warware shi a hankali, ka duba bakin kusar, in zare ɗaya ko biyu ne suka kwanta ƙaramin magagari mai kusurwa uku zai tashe su, sai ka gwada da notin da ya dace, ya shiga da yatsu kawai har ƙasa. In sai da sifana yake tafiya, kusar ta tafi, ka koma sama ka karanta amsar mai Dodge.